Jujin da Kowa Ya Ce Ba Nasa Ba Ne

Ana sallame sallar asuba muka bar Jandutsi, ni da kawuna, ko koko ba mu tsaya sha ba. Wata akori-kura ce ta ɗauke mu, ta ɗauko buhunan sabon gero za ta kai Jega. Muka hau baya muka zauna a kan buhunan, ƙafafunmu suna reto. Raɓa ta jiƙe komai, domin ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, dawa ma tana tsaye a gonaki ba a kai ga yanke ta ba. Har muka fita gari Kawu yana jingine da buhu. Carbi kawai yake ja yana kallon hanya.

Ga abin da ya fitar da mu. A bayan karar Jega, inda ake cinikin dabbobi, daf da mahauta, akwai wani tsohon juji. Nan ake zuba kashin shanu da na awaki, da abin cikin tumbi, da ragowar harawa, da duk abin da tsintsiya ta taro. Kowace shekara idan dashen albasa ya gabato, Kawu kan kwashi ƙasan jujin ya kai fadamarsa, kamar yadda mahaifinsa ya riƙa yi. Ba wata yarjejeniya sai ta baki: mahauta su zuba, shi ya kwashe, in albasa ta nuna ya aika musu da rabonsu. Bana kuwa takin zamani ya yi wuyar samu, wanda ake gani a kasuwa ya fi ƙarfin irinmu. Irin da Kawu ya yafa ya isa dashe, ba zai jira ba. Ana cikin haka sai ga saƙo daga wani abokinsa mahauci, cewa masu duba-gari sun kafa allo a kan jujin, za a cinna masa wuta ranar Asabar ɗin tsabtace gari. In aka ƙone shi, babu albasa bana. Albasar nan kuwa ita ke riƙe da gidan Kawu da namu tun daga rani har faɗuwar ruwa.

Ni an ɗauko ni ne saboda ina hutun makaranta, kuma a ganin Kawu duk wanda ke karanta littafi mai kauri ya iya magana da ma'aikata. Bai san ko a aji ba na ɗaga hannu ba. Duk tsawon hanya ina shirya abin da zan faɗa a zuciyata, ina gyarawa, ina sake gyarawa, motar tana faɗawa ramuka tana watsa mini jimlolin.

Rana ta ɗan ɗago muka shiga Jega. Tun da aka ba mu jiha garin ya ƙara cika. Motocin Birnin Kebbi sun yawaita a tasha, ga 'yan kabu-kabu da a da sai ka nema, yanzu su ke nemanka. Masu fenti ma kakarsu ta yanke saƙa: kusan kowane allon ofis an shafe sunan tsohuwar jiha da fari an rubuta sabo a kai, sai dai in rana ta haska ka kan hango tsohon yana leƙe ta ƙasa. Muka tsaya bakin tasha muka karya da koko da ƙosai. Kuɗin ƙosan yana nan yadda na bar shi, ƙosan ne ya rame. Kawu ya ɗaga guda ya duba ya tambayi mai suyar ko ciwo ya yi. Ta ce ai yanzu mun zama masu jiha, ƙosai ma ya san darajar kansa. Wannan ce dariyar farko da Kawu ya yi tun da muka fito.

Mahaucin yana jiranmu a bakin kara. Ƙaton mutum ne mai murya, ɗan unguwar Jega Firchin, tun suna samari suke tare da Kawu. Shi yana kiran Kawu Sarkin Albasa, Kawu yana kiransa Barunje, sunan da ake tsokanar mahauta da shi, ba wanda ya taɓa jin haushi. Ya kai mu wurin jujin. Ban taɓa tsayawa na dube shi da kyau ba sai ran nan. Ya fi tsawon mutum, gefen da aka saba ɗiba ya zama kamar gaɓar rafi, ana ganinsa hawa-hawa. Na ƙasa baƙi ne wuluk, mai laushi, ba ya wari sai ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa. Na sama kuwa, wanda aka zuba a 'yan shekarun nan, cike yake da leda da gwangwanin madara da na tumatir, da fasassun kwalabe, da tsoffin takalman roba, da ƙaho da ƙashi. A can ƙoli aka kafa allon, da jan fenti. Na tsuguna na ɗebi kaɗan daga ƙasa, kaɗan daga sama, na ƙulle kowane dabam na sa a jaka. Mahaucin ya tambayi Kawu ko a makarantarmu ba a ba mu abinci ne.

Ofishin masu duba-gari ɗaki ne guda da baranda. Muna isa ƙofa Kawu ya ja ya tsaya.

«Kai shiga, ɗan boko,» in ji shi. «Ni ina nan wurin takalma, kar a ɗauke.»

Takalmansa na taya ne, nawa kuwa suna ƙafata. Mahaucin shi ma nan take ya tuna yana da saniyar da zai duba. Haka na shiga ni kaɗai. Na iske wani matashin ma'aikaci da fararen kaya, ya amsa sallamata da fara'a har ya ba ni kujera. Jimlolin da na shirya duk suka gudu, na dai yi ta in-ina har ya fahimci inda na dosa. Ya ce shi umurni aka ba shi, kuma umurnin a kan shara ne. Jujin ya matso hanya, ƙuda suna tashi daga can su sauka a kan nama, ba mai musun wannan. In kuwa abin taki ne, to taki ba nasu ba ne, na mutanen gona ne, sai malamin gona ya faɗa da bakinsa. Babbansu da zai iya ɗage wutar ba ya nan yau, gobe kuma yana Maiyama. Malamin gona kuma tun farkon kaka ya tare a Aliero wurin masu albasa.

Da na fito na maimaita wa Kawu komai. Tambayarsa ɗaya ce, ko an nemi sunansa. Na ce a'a. Sai ya saki numfashi ya ce mu tafi Aliero. Mahaucin ya ɓullo daga bayan wata rumfa, wai ya gama duba saniyar, ya ce da shi za a je.

Motar Aliero fijo ce da ta ga duniya, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Titin dai shimfiɗaɗɗe ne, shi ne mai wucewa Sakkwato, manyan motoci suna ta gilmawa. A gaba aka sa wani bawan Allah da ya faɗo daga kan raƙumi, an ɗaure masa ƙafa da kara, za a kai shi wurin masu ɗori. Duk sanda direba ya taka burki sai ya yi salati, mu ma mu taya shi. Mahaucin ya shafe hanya yana ba shi labarin karaya iri-iri da ya taɓa gani, wai don ya kwantar masa da hankali, har mutumin ya roƙe shi don Allah ya yi shiru.

Aliero hanci ke fara sanar da kai ka iso. Ko a wannan lokaci da tsohuwar albasa ta kusa ƙarewa, ƙamshinta yana jikin garin, a rumfuna, a buhuna, har a rigunan mutane. A bayan gari na ga jerin rumbunan kara da ake ajiye ta a ciki don iska ta riƙa ratsawa, yawancinsu sun zama wayam. Na ɗauka a can za a same ta a banza, ashe ko a Aliero yanzu sai ka yi ciniki, domin wadda ta rage masu ita suna jiran 'yan kudu. Muka ci tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ɗanya a wata rumfa kusa da masallaci, mai tuwon ta yanka mana albasa a kai ba mu roƙa ba. Kawu ya ɗauki yanki ya duba kaurinsa kafin ya ci. Ko a bakin abinci ba ya barin aiki.

Malamin gona ba ya ofis. Wani mai faci ya nuna mana hanyar fadama, muka taka a ƙasa har muka same shi ya naɗe ƙafar wando, yana nuna wa wasu manoma tazarar da za su bari tsakanin fangali da fangali. Dattijo ne siriri mai tabarau. A nan Kawu bai ji tsoron komai ba, ya gaishe shi kamar sun saba, ya zayyana masa matsalar tun daga zamanin mahaifinsa. Ni dai na buɗe jaka na miƙa ƙullin farko. Malamin ya murza baƙar ƙasar a tafin hannu, ya shinshina, ya ce wannan ko shi zai so a zuba masa a gona, albasar da ta ci shi ta fi jure ajiya. Na miƙa na biyu. Ya tona da tsinke, ya zaro leda, ya zaro ɓallin kwalba, ya zaro wani ruɓaɓɓen batir, ya jera su a kan kunya.

Ya ce na farkon taki ne, ko gaban wa zai faɗa. Na biyun kuwa ba zai sa bakinsa ba. Leda tana hana saiwa tafiya, awaki su ci su kumbura, kwalba kuma ta yanke masu dashe tunda ba mai shiga fangali da takalmi. Kawu ya ce to a tsince mana. Malamin ya ce a tsince a kai ina? In aka tara a gefe ya sake zama shara, masu duba-gari su dawo. Gwangwani da roba da ƙashi ba aikin gona ba ne, na mutanen ciniki ne, kuma ya ji jami'insu yana ta neman irin waɗannan kaya saboda masu sana'ar hannu. Na ga fuskar Kawu ta sauya, ya ɗauka wani garin za a sake tura mu. Sai malamin ya yi murmushi ya ce mu kwantar da hankali. Sabuwar jiha ba ta gama sayen motoci ba, don haka mota guda aka ba su su uku, shi da babban duba-gari da jami'in ciniki. Duk ranar da motar za ta fita, dole su fita tare. Gobe dukansu suna Maiyama, mu same su a can.

Muka koma Jega da la'asar, muka sauka gidan mahaucin. Abin da zan ce game da masaukin nan shi ne, wanda bai taɓa baƙuntar mahauci ba bai san iyakar cikinsa ba. Kawu dai bai ci na kirki ba. Asabar tana matsowa, mu kuwa har yanzu ba mu da komai a hannu sai ƙulli biyu na juji.

Washegari muka kama hanyar Maiyama, wadda ta yi kudu. Ban taɓa bin ta ba sai wannan karon. Ƙasar ta fi tamu itatuwa, ga kuka ga ɗorawa ga mangwaro, gonakin dawa sun yi duhu har bakin titi. Muka wuce Fulani suna kora shanu, da mata ɗauke da ƙoren nono a bakin wata mararraba, inda direba ya tsaya ya sha fura ba tare da ya tambayi ra'ayin kowa ba. Fura a nan ta fi ta Jega girma da arha, nonon kuma ba a tsinka shi da ruwa ba. Motar bas ce ƙarama, an cusa mu har da wani mai kaji. Kuɗin mota ya ɗara abin da Kawu ya sani, da ya yi magana yaron motar ya ce mai ne ya hau. Mahaucin ya ce in mai ya hau, ai mu ma mun hau, sai a yi kunnen doki. Ba a rage ba.

Maiyama gari ne mai natsuwa, ba hayaniyar Jega. Ba mu sha wuyar gane wurin taron ba, a gindin wata babbar ceɗiya aka yi shi. An ajiye benci guda, ma'aikatan uku suna zaune a kai kafaɗa da kafaɗa, motarsu tana gefe. A gabansu masu sana'a ne suka baje kayansu a tabarmi. Na tsaya na daɗe ina kallo. Akwai mai yin fitilar a-ci-bal-bal da mazurari da gwangwanin madara, har sunan madarar yana nan a jiki. Akwai mai narka tsoffin kwanoni ya zuba tukwane da ludaya. Akwai mai yanka taya ya fitar da takalmi da guga. Duk kukansu ɗaya ne, kayan aiki ba sa isarsu, sai sun bi gida-gida. Jami'in ciniki, wani mai ƙiba mai yawan share gumi, ya ce akwai fataken da ke sayen ƙashi da ƙaho da tsohuwar roba, amma ba za su turo mota don buhu biyu ba, sai an tara musu a wuri guda, kuma su tabbata in sun dawo za su sake samu.

Malamin gona ya hango mu ya yafito ni. Na waiwaya, Kawu ya koma bayan mahaucin, ya ja hula har gira. Na fita gaban mutane. Na fara magana, babban duba-gari ya ce in ɗaga murya, shi kunnensa ya yi ritaya kafin shi. Tsoho ne mai furfura, tun zamanin tsohuwar jiha yake aiki. Aka yi dariya, abin mamaki sai dariyar ta sassauta mini. Na faɗi abin da ya kawo mu, na kwance ƙullin biyu na ajiye a gabansu.

Nan muhawara ta tashi, ni na koma ɗan kallo. Abu guda ne a gabansu amma kowa da sunan da yake kiransa. Malamin gona yana cewa taki, jami'in ciniki yana cewa kaya, har ya ɗauki gwangwanin ya miƙa wa mai fitila ya duba, babban duba-gari kuma bai fasa cewa shara ba. Ba faɗa suke yi ba, da gani sun saba, mota guda ta haɗa su. Jami'in ciniki ya ce in an ƙone jujin an ƙone masa kasuwa tun ba ta ci ba. Malamin gona ya ce toka ba ta kai taki ba. Tsohon ya bar su suka gama, sa'an nan ya ce shi bai ƙi ko ɗaya ba. Aikinsa ba ƙona taki ba ne, ba kuma ƙona kayan sana'a ba. Shara yake ƙonawa, shara kuwa ita ce abin da aka yar, wanda ba shi da mai shi. Ya aika an tambaya a kara, an tambaya a mahauta, kowa ya rantse bai san mai jujin ba, wasu ma suka ce ba su taɓa lura da akwai juji a wurin ba.

«Ni da kaina na tafi ranar kasuwa,» in ji shi. «Na iske wani mutum yana tonon gindin jujin da sanda, yana ɗiba yana shinshinawa. Na ce mai, bawan Allah, naka na? Yac ce shi baƙo na, hanya ta biyo da shi.»

Yana faɗa yana kallon bayan mahaucin. Mahaucin kuwa, don rashin amana, sai ya matsa gefe guda.

Sai a lokacin na gane zancen tsaron takalma. Kuma ban ga laifin Kawu ba. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san yadda ake yi in an ce ga duba-gari nan. Mata su hau kifar da randuna, a kora awaki bayan gida, in ya nuna ƙazanta ya ce ta wa ce, kowa ya dubi sama. Wanda ya amsa shi ke shan tara, wani lokaci har gaban alƙali. Tun muna yara muka koya cewa ba a mallakar datti a gaban mai fararen kaya. Mutanen kara duka abin da suka yi ke nan, kowa yana ganin ya tsare kansa ya kuma rufa wa Kawu asiri. Ashe da bakinsu suka mai da jujin shara.

Tsohon ya ce tambayar tana nan, bai janye ta ba: jujin bayan karar Jega yana da mai shi ko babu? In babu, Asabar wuta. Mai tukwane ya daina ƙwanƙwasa ludayinsa. Na dubi Kawu. Na san abin da yake aunawa, domin wanda ya ce nasa ne ya ɗauki ƙudan da warin da shekarun da jujin ya yi yana cin hanya. Ni ba ni da ikon amsawa a madadinsa, mahaucin ma haka. Kawu ya gyara hularsa ta koma inda take zama, ya tako gaba, ya durƙusa.

«Nau na, ranka shi daɗe.»

«Baƙon nan na ranar kasuwa?»

«Shi na. Ya zama ɗan gari.»

Aka fashe da dariya, har tsohon sai da ya goge ido. Da aka natsa ya tambayi Kawu ko ya san abin da ya ɗauka. Abu mai mai shi ba a ƙona shi, amma mai shi ake tuhuma. Kafin Asabar jujin ya bar bakin hanya, abin da ya rage a wuyansa yake. Kawu ya ce ya ji ya ɗauka. Sa'an nan ya tambaya a hankali ko nawa ne tarar. Tsohon ya ce tarar ita ce albasa ta yi kyau, in ba ta yi ba zai zo Jandutsi da kansa ya ji dalili.

Sauran aikin a kan bencin nan aka raba shi, muna tsaye. Malamin gona ya ce akwai tifar da ke ƙarƙashin ofishinsu, zai nemi a ba da ita ta yi sawu, mai takin ya sayi man motar. Jami'in ciniki ya ce zai sanar da masu sana'a na Jega, waɗanda ke wurin ma suka ce za su zo, kowa ya tsinci abin da ya shafe shi, ƙashi da ƙaho da roba kuma a tara a jira fatake. Babban duba-gari ya ce leburorinsa za su tsaya a kan aikin, kuma zai nemi a ware wani fili nesa da nama inda za a riƙa zuba na dabbobi dabam, na kasuwa dabam. Leda ce kawai ta rasa mai so. Mai fitila ya ce ba ta yi masa, malamin gona ya ce kar ya gan ta, jami'in ciniki ya ce bai san mai sayenta ba tukuna amma zai tambaya. Tsohon ya ce to wannan tasa ce, shi dama abin da kowa ya ƙi shi ake bar wa. Muka baro su suna gardamar wanda zai kai bayani Birnin Kebbi a cikinsu.

A hanyar dawowa Kawu ya saya mana rake da gyaɗa, abin da bai taɓa yi ba a tafiya. Ya ci, ya yi hira, har ya yi gyangyaɗi a kafaɗata. Mahaucin ya yi ta maimaita «ya zama ɗan gari» har fasinjojin da ba su san zancen ba suka koya.

Ba mu wuce gida ba sai da muka tsaya Jega aka yi aikin. Labari ya riga mu isa. Da mutanen kara suka ji an amsa wa duba-gari kuma ba a ɗaure kowa ba, sai jujin ya wayi gari da masu shi. Wani ya ce kakansa ne ya fara zuba shara a wurin. Wani ya ce gefen gabas nasu ne tun kafin a yi titi. Wani manomi daga hanyar Aliero ya zo da jakuna da mangaloli ya ce shi ma ai yana shinshinawa lokaci-lokaci. Na ɗauka rigima za a yi, amma matashin ma'aikacin nan mai fara'a ya ce shi mutum guda aka gaya masa, sai wanda mutumin ya yarda. Kawu ya ce kowa ya kawo cebur da kwando, a tsince tare, shi dai a bar masa gindin. Haka aka yi, kuma ba don yawan hannun nan ba da ba mu gama kafin Asabar ba. Masu fitila suka tafi da buhunan gwangwani, aka tara ƙashi da ƙaho a gefe, tifa ta yi ta sawu. Ranar Asabar abin da aka sa wa wuta bai fi a rufe shi da tabarma biyu ba.

A gaban tifar na dawo Jandutsi, tare da sawun ƙarshe. Mahaifiyata ta tarye ni daga nesa ta ce in wuce bayi da sabulu kafin in gaishe ta.

Na fita ina zaton ofisoshin gwamnati wuri ne da ake tura mutum daga ƙofa zuwa ƙofa don a gaji da shi. An tura mu ɗin, amma yanzu na ga kowane da gaskiyarsa, iyakar hannunsa ce ba ta wuce inda ta tsaya ba. Mai tsabta yana iya hana wuta amma ba ya iya kawo mai saye, mai ciniki yana iya kawo mai saye amma ba shi da fili, malamin gona ya san abin da ƙasa ke so amma gwangwani ba ruwansa. Ba don ƙarancin mota ya zaunar da su a benci guda ba, ban san yadda za mu ƙare ba, kuma ina fatan ko an saya wa kowa tasa za su riƙa zama tare. Ɗaya abin kuma namu ne. Su ukun duka ba su iya yin komai ba sai da aka sami wanda ya tsaya a gabansu ya ce abin nasa ne.

Ban sani ba ko za a ware filin nan, ko fataken ƙashi za su zo, ko wani zai taɓa samo wa leda kasuwa. Abin da na gani da idona shi ne fadamar Kawu ta yi baƙi daga wannan kunya zuwa waccan. Jiya da yamma aka sako ruwa, muka cire takalma muka fara dashe.